Darasin Gandhi a Ajin Tarihi

Duk zangon da na zo kan gwagwarmaya ba da makami ba, sai an samu wani ɗalibi daga bayan aji ya ce, "Malam, ai wannan ragwantaka ce kawai." Ba na yi masa musu. Labarin Abdul Gaffar Khan nake ɗauko masa, Musulmi ɗan ƙabilar Pashtun, mutanen da suka yi suna wajen bindiga da ramuwar gayya. A 1929 ya kafa rundunar Khudai Khidmatgar, masu jajayen riguna, suna atisaye irin na soja, amma rantsuwarsu ita ce ko an dake su ba za su rama ba. A Afrilun 1930 sojojin Ingila suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a wata kasuwa a Peshawar (Indiya a lokacin, Pakistan a yau), mutane na faɗuwa, na baya na matsowa gaba.

Abin da koyarwa a nan Katsina ta nuna mini shi ne, jarumtar ita ce mai sauƙin ba da labari. Wahalar tana wajen tsari. Kowa ya san Rosa Parks, baƙar fata 'yar birnin Montgomery a Amurka, ta ƙi tashi daga kujerar bas ta ba farar fata a 1955, amma me ya riƙe baƙaƙen fatan Montgomery kwana 381 ba su hau bas ba? Motocin sa-kai ne da aka tsara wa tashoshi da lokuta, da karo-karon kuɗin mai a coci-coci, da mata 'yan aikatau da suka riƙa takawa a ƙasa safe da yamma. Gandhi ma, jagoran neman 'yancin Indiya ba da makami ba, da ya tashi tattakin adawa da harajin gishiri na Turawa a 1930, da mutum 78 ya fara, waɗanda ya horar da kansa. Ya zaɓi gishiri ne don babu tukunyar da ba ta buƙatarsa. A 1922 kuwa, da jama'a suka ƙona ofishin 'yan sanda a garin Chauri Chaura, dakatar da yunƙurin ƙin ba Turawa haɗin kai ya yi gaba ɗaya, manyan mabiyansa na ta ƙorafi.

Na gida ma muna da su. Dattawa na ba da labarin bulala da ɗaurin da 'yan NEPU suka sha bayan 1950, amma Malam Aminu Kano ya nace a kan ƙuri'a da wayar da kan talaka.

Tambaya mafi nauyi daga wata ɗaliba 'yar Batsari ta zo: "Malam, to 'yan bindiga fa?" Na ce mata kamfanin bas na buƙatar kuɗin fasinja, Turawa na buƙatar haraji, suna kuma jin kunyar jarida. Wanda ke daji babu abin da ya dame shi da yardarki. Wannan hanya gwamnatin da ke neman ƙuri'arki ake fuskanta da ita, a matsa mata har ta tsare garin. Ta ce to wa zai tsara motocin? Da wannan tambayar na sallami ajin, na ce kowa ya rubuto amsa shafi biyu kafin Litinin.