Bin ruwa daga Haɗeja har Diffa

Ban daɗe da dawowa daga Diffa ba, kuma da gangan na zaɓi doguwar hanya, don in bi ruwan Kogin Haɗeja tun daga Jigawa har inda ya zama iyakar Najeriya da Nijar. Lokacin hunturu ne, ruwa bai gama janyewa ba. Titin Kano zuwa Haɗeja babu abin ba da labari a kansa. A Nguru tafiyar ta soma da gaske.

Mai kwale-kwalen da na yi ciniki da shi ya fara da kuɗin da ya kai na motar Kano zuwa Nguru. Muka ja, muka daidaita a kusan rabi, da sharaɗin ba zai shiga inda kachalla ta rufe ba. Da muka shiga ruwa na ga gaskiyarsa. Kachalla ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, ta cushe dama da hauni, sai wata 'yar hanya da aka sare wadda kwale-kwale biyu ba za su gifta juna a ciki ba. Ya kama ɗaya ya tumɓuke da ƙyar, ya nuna mini saiwar, fara mai kauri, tana tafiya a kwance cikin laka tana fid da sabbin tsiro.

"Malam, in ka sare ta a sama, aski ka yi mata," in ji shi. Dole a yanke ta ƙarƙashin ruwa, yadda ruwan zai shanye kututturen ya hana saiwar samun iska ta ruɓe. Kuma yanka ɗaya ba ya kashe ta, sai an maimaita kafin ta yi kai ta watsa iri. Ƙonawa a rani saman kawai take cinyewa.

Asalin matsalar yana can sama. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogin da ke cika ya batse da damina ya ƙafe da rani ya koma mai gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa shi kachalla ke so. Ta tare laka, laka ta toshe tsofaffin hanyoyin da ke kai ruwa gabas, sai ruwan Haɗeja ya karkata ta magudanar Marma ya zube a tafkin Nguru, inda ba shi da mafita. Gonakin wasu sun nutse, na wasu sun bushe. A cikin kachallar kuma jan baki ke kwana, da safe ya sauka a kan shinkafa da gero.

A Dagona, kusa da Gashuwa, na ga tsuntsaye fiye da duk inda na taɓa zuwa. Kirinjijiya da ɗinya namu ne na gida. Amma ƙananan agwagin da suka rufe ruwan baƙi ne daga Turai, suna ƙetaro Sahara su yi hunturu a nan, su koma kafin zafi ya yi tsanani su yi ƙwai. Saboda irinsu aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin Ramsar, na dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, a 2000. Duk kuɗin da wata ƙasar Turai za ta kashe wajen kare tsuntsun nan, in fadamar Dagona ta ƙafe ko aka zuba hatsi mai guba a bakin ruwa, asara ta yi.

Kusa da Gashuwa ragowar ruwan Haɗeja ke haɗuwa da na Jama'are su zama Kogin Yobe, kuma yanzu Jama'are ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Shi ya sa da ka ambaci madatsar Kafin Zaki, wadda aka fara a kan Kogin Jama'are a Bauchi ba a ƙarasa ba, fuskar mutanen nan ke canzawa. Bandar kifi a kasuwar Gashuwa ta fi ta Kano araha nesa ba kusa ba, sai dai ƙanƙantar tarwaɗa da karfasan ta ɓata mini rai. Masunta na jera dumba, shingen tarkon kifi, daga wannan gaɓa zuwa waccan, raga kuma mai ƙananan ido, kifin da ke hawowa fadama ya yi ƙwai ba ya wucewa. Kifin nan ɗaya ne da wanda masuntan Nijar ke jira a ƙasa.

Daga Gaidam muka shiga rairayi zuwa Maine-Soroa. A wani shinge wani mai kaki ya juya takarduna ya sake juyawa, ya ce me ɗan Kano zai yi da kallon kogi. Na ce, "Yallaɓai, ruwan garinmu ne na biyo." Ko murmushi bai yi ba. Ya ajiye mu a rana har ya gaji don kansa, alhali buhunan tattasai na wucewa ta gabansa ba tambaya.

Mutanen Diffa suka wanke mini wannan takaicin. Wani dattijo mai gonar tattasai a bakin Komadugu, wato Kogin Yobe, ya sauke ni, ya hana ni sayen ko ruwan sha. Shayi zagaye uku, gaisuwa doguwa da Barbarci da Hausa, ba irin tamu ta Kano ta tsaye-tsaye ba. Naira kuwa tana yawo a kasuwa kafaɗa da kafaɗa da sefa. Daga gonarsa kana hango Najeriya a ƙetare, tsallaken kwale-kwale kawai. Injin ban ruwa na bakin gaɓa, tiyo na zuba a babbar kwata, yaro na buɗe fangali ɗaya da fartanya yana toshe na baya. Jan tattasai shanye a ƙasa har inda ido ya tsaya.

Na tambaye shi, "Baba, wa ke gaya muku ruwa na tafe?" Ya ce 'yan'uwa ne daga Gaidam ke bugo waya. Ruwan saman da ya sauka a Kano da tsaunukan Jos a Agusta sai wajen Oktoba yake cika kogin a Diffa, bayan daminarsu ta ɗauke. A 2022 haka ya zo ya cinye gonaki da gidaje. Wata shekarar kuma ya janye da wuri, tattasai na tsakiyar 'ya'ya.

Yarjejeniyoyi akwai su. Hukumar Tafkin Chadi tun 1964 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa ta, hedkwatarta na Injamena. A 1990 Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan koguna huɗu da suka haɗa su, har da Gulbin Maraɗi da wannan Komadugu. A 2012 aka amince da kundin dokar ruwan tafkin. Abin da na ga manomi na buƙata bai kai waɗannan girma ba: a riƙa karanta ma'aunin ruwa kullum a Wudil da Haɗeja da Gashuwa da Bagara ta Diffa, a tura wa juna a ranar, a sanar kafin a buɗe ƙofofin Tiga da Challawa, a saki ruwa mai yawa da damina don fadama ta sha, a rage da rani don kachalla ta ji ƙishi, girman idon raga ya zama ɗaya a gaɓa biyu. Tsakanin Gashuwa da Diffa ruwa na ɗaukar makonni, lokacin gargaɗi ya wadata.

Na so in ƙarasa Bosso in ga inda kogin ke shiga Tafkin Chadi, mai masaukina ya ce hanyar ba ta baƙo ba ce saboda rashin tsaro, na bi maganarsa. Na dawo ta Gure da Damagaram, titi mai tsawo, tasha kaɗan. A Matamaye na canza mota, na shigo ta Daura da buhun busasshen tattasan da Baba ya ƙi karɓar kuɗinsa.