Robobin bitamin ɗin Hajiya

Jiya na zazzage kwandon da Hajiya ke tara robobin bitamin da na maganin ƙarin jini tun bayan jinyarta. Da ɗan bola-jari ya zo, ya tsince robobin tas, ya auna ya biya. Na juya gindinsu, yawanci lamba 2 ce a cikin 'yar alamar nan mai kusurwa uku, wato nau'in robar da ake kira HDPE, wadda ake narkarwa a sake sarrafawa.

Katin ƙwayoyi kuwa ko taɓawa bai yi ba. Ya ce alminiyam ɗin a manne yake da robar, ba ya rabuwa. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don su suka fi yawa, kuma a kwatar unguwarmu za su ƙare.

Yau a kemis na roƙi a ba ni na cikin roba.