Minti Shida a Falon Alhaji

Asabar, dare ya raba.

Babban yatsana na dama har yanzu zugi yake yi inda gefen kes, wato akwatin kwamfuta, ya yanke ni, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta. Wata takwas ina tara kayan haɗa kwamfutar nan ɗaya bayan ɗaya, ina tura su ƙarƙashin gado cikin kwalayensu. Yau na fito da su duka.

Da na dawo daga masallaci da asuba ban koma barci ba. Na share ɗaki, na yayyafa ruwa, na rufe taga saboda ƙurar hunturu, na naɗe kafet na jingine a lungu. A wannan bushewar iska ko rigar sanyi ka cire sai ka ji tana ƙas-ƙas, kuma irin wannan wutar da ke taruwa a jikin mutum tana iya kashe wani ɗan abu a jikin madabod, wato allon da ake jona duk kayan a kai, ba tare da idonka ya ga komai ba. Shi ya sa kafin na ɗauki kowane abu sai na fara dafa ƙarfen kes. Auta yana zaune a bakin ƙofa riƙe da murfin kwanon da na zuba sukurori, bai bari ko ɗaya ya faɗi ba.

Furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 5600 ce, sabuwa fil. Katin hoto RX 6600 mai 8GB, a kasuwar Farm Centre na samo shi bayan na zaga shaguna har ƙafata ta gaji. RAM, ma'ajiyar wucin gadi, guda 2, kowanne 8GB. Madabod kuwa B450 ce ta hannu, wajen wani da ya canja tasa na saya, kuma a gabana ya kunna ta da tsohuwar furosesarsa, tana aiki lafiya lau.

Inda gabana ya fi faɗuwa shi ne wajen sa furosesar. 'Yan ƙafafu 1,331 ne a bayanta, sirara kamar allura, in ɗaya ya lanƙwashe an shiga uku. Na ɗaga ɗan ƙarfen soket, na daidaita alamar nan mai ruwan zinariya ta kusurwa da wadda ke jikin soket, na sake ta. Da kanta ta zauna, ko dannawa ban yi ba. Na yi hamdala. Sauran ya tafi sumul: fanka da man rage zafi a shafe a jikinta tun daga kamfani, RAM a rami na 2 da na 4, babbar wayar wuta mai baki 24 da ƙaramar mai baki 8 ta sama. 'Yan wayoyin maɓallin kunnawa ne kawai suka ci min rai, sai da Auta ya haska min tocilan.

Sha biyu saura na yi bisimilla na danna. Fankoki suka juya. Sikirin baƙi ƙirin. A gefen madabod wata 'yar fitila ja ta kama, a jikinta an rubuta CPU, wato furosesa, ta ƙi mutuwa.

Jikina ya yi sanyi. Na cire RAM na mayar, na gwada da guda ɗaya, na zare batirin madabod na jira na mayar. Har furosesar na sake cirewa na ɗaga ta a hasken taga ina duba ƙafafun layi-layi. Duk a miƙe suke. Umma ta leƙo ta ce, "Ka taso ka ci abinci, ai ba guduwa za ta yi ba." Na ci, amma ban san me na ci ba.

Ina alwalar azahar abin ya faɗo min. Samfurin B450 tun 2018 ya fito, ita kuwa 5600 sai 2022. Akwai ƙaramar manhaja a cikin madabod, BIOS, ita ce ke fara tashi ta gane kayan da aka jona mata. In tun da aka sayi allon ba a sabunta ta ba, to ba ta san wannan baƙuwar ba, ba kuma za ta buɗe mata ƙofa ba. Mai ita bai ɓoye min komai ba, tasa furosesar tsohuwa ce, bai taɓa buƙatar sabuntawa ba.

Allah ya taimake ni akwai ɗan maɓalli a bayan allon da ake sabunta BIOS da shi ko da kwamfuta ba ta tashi ba. Na sauke fayil ɗin da tsohuwar laftof ɗina, na goge filash na mayar da ita FAT32, na canja wa fayil ɗin suna yadda littafin ya ce. Nan fa sai na tsaya. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar wannan aikin, madabod tana iya zama kwali. Yau kuma sau biyu aka ɗauke kafin azahar. UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ban saya ba, kuɗin ya ƙare a katin hoto. Janaretanmu kuwa in ya fara tari ko kwan fitila lumshewa yake yi.

Bayan la'asar na rungumi kes, Auta ya ɗauko wayoyi, muka yi sallama gidan Alhaji maƙwabcinmu mai sola da inbata. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, wutarka na zo ara ta minti kaɗan." Ya dubi akwatin ya ce, "Ɗana, duk wannan na wasa ne?" Na faɗa masa gaskiya, wasa ne a gaba, sai koyon haɗa bidiyo. Ya ce, "To Allah ya sa albarka. Ga soket nan."

Na sa filash a ramin da aka ware, na danna maɓallin. Fitila ta fara ƙiftawa. Na zauna a ƙasa na zuba mata ido. Tana ƙiftawa a hankali, can ta ƙara sauri. Rediyon Alhaji na yi, ban ji kalma ɗaya ba. Jikarsa ta shigo da gudu, Auta ya yi wuf ya tsaya tsakaninta da wayar wuta. Minti shida a agogona, sannan fitilar ta mutu.

Muka jona da talabijin ɗinsa. Jar fitilar CPU ta kama, ta mutu, ta wuce. Amma hoto shiru. Ina shirin sake kwance komai sai Auta ya ce, "Yaya, ramin nan na ƙasa fa, ba irin wannan ba ne?" Gaskiyarsa. A ramin madabod na sa wayar HDMI mai kai hoto, alhali 5600 ba ta da abin fitar da hoto a cikinta, dole sai ta katin. Na mayar da wayar ƙasa. Talabijin ya yi haske, ga sunan furosesata a rubuce, ga 16GB. Alhaji ya gyara gilashinsa ya ce, "Ma sha Allah." Ni kam idona ne ya ciko.

A nan falon na lura RAM tana tafiya a 2133, na kunna XMP, saitin ƙara mata gudu, ta hau 3200 da aka rubuta a kwalinta. Windows sai bayan isha'i a gida, aka kuma bar mana wuta har ya gama shiga.

Wasan ƙwallon bai gama sauka ba datata ta ƙare. Wayoyin cikin kes har yanzu a hargitse suke, gobe in sha Allahu zan ɗaure su ta baya don iska ta samu hanya. Kuɗin da zai fara shigo min na UPS ne. Na zare kwamfutar daga bango, na lulluɓe ta da tsohon zanin Umma saboda ƙura. Auta ya yi barci a kan kwalin katin hoto, na yi masa alkawari shi zai buga wasan farko.