Ranar da fitilar inji ta kama a hanyar Dakoro

Motar ba tawa ba ce, ta kawuna ce, amma shekara huɗu ke nan makullinta na aljihuna. Land Cruiser ce V8 ta 2010 mai shan gazuwal, inji lita 4.5 da turbo biyu, irin wadda aka ƙera don kasuwar Turai, ta shigo mana ta Kwatano. Kawu harkar wake da aya yake yi, don haka ba motar ƙawa ba ce a wurinmu. Tana cin rairayi fiye da yadda take taka kwalta.

Muna dawowa daga Dakoro da yamma, cikin buji, abin ya faru. Da safe mai ya yi mana ƙasa a wani ƙauye, na sayi jarka guda a hannun wani dattijo mai rumfa a bakin hanya. Na fito zan wuce wata tirela, na take totur, sai motar ta yi kamar an riƙo ta ta baya. Fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a tabulo. Na koma bayan tirelar zuciyata na dukan uku-uku.

"Lafiya, ɗana?" in ji Kawu daga baya.

"Kawu, man tsohon nan ne," na ce, ban ko yi tunani ba.

Na sauka gefe na kashe ta, na duba ruwa da baƙin mai, komai daidai. Wannan kaɗai na sani a lokacin: in jar fitila ce ta mai ko ta zafi, ba a ƙara ko taku ɗaya, amma ruwan ɗorawa tana barin mutum ya lallaɓa ya isa gida. Da na sake tayarwa ƙarfinta ya dawo, fitilar kuwa tana nan. A haka muka shigo Maraɗi bayan isha'i.

Washegari na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai. Wani yaro a garejin unguwarmu ya ce in bari ya cire kan batir na ɗan lokaci, fitilar za ta mutu. Ya cire, ya mayar, ta mutu. Na ba shi na goro na tafi ina murna. Ban san cewa duk lokacin da fitilar nan ta kama, kwamfutar motar tana ajiye lambar matsalar tare da bayanin halin da inji ke ciki a daidai wannan lokacin ba. Gudun mota, juyin inji, zafinsa, nauyin da yake ja, duk tana rubutawa. Mu kuwa muka share.

Kwana uku fitilar ta dawo, a hanyar Tasawa, kuma wajen wuce babbar mota. Bakaniken da na kai wa ya kasa kunne, ya taka totur sau biyu, ya ce injekta ne, wato masu fesa mai cikin inji, gurɓataccen mai ya cinye su. Takwas ne a injin nan, kuma ba a ɗaura sabo haka kawai, kowanne da lambarsa da sai an shigar wa kwamfutar motar. Da ya yi lissafi kuɗin ya haura miliyan guda na sefa. Ban ce mugunta ya nufa ba, abin da kunnensa ya ba shi ya faɗa. Amma na kasa kai wa Kawu wannan magana ba tare da na ga wani abu da idona ba.

Wani abokina mai gyaran waya ne ya ara mini ƴar na'urar nan ELM327 mai karanta lambar matsala daga kwamfutar mota, ba ta fi kwalin ashana biyu ba. Ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai rami 16, ita ake kira OBD. Amurka ta wajabta ta a kan ƙananan motoci tun 1996, Turai kuma ta ɗora wa masu gazuwal daga 2004, shi ya sa tamu ta amsa ba gardama. Na soka ta, na murɗa makulli ban tayar ba, na haɗa da wayata. Lamba ɗaya ta fito: P0087. Harafin P yana nufin ɓangaren inji da giya, sifilin da ke binsa kuma yana nuna lamba ce ta gama-gari, ma'anarta ɗaya a kowace irin mota. Fassararta: matsin mai a bututun da ke raba wa injekta ya yi ƙasa.

Na karanta ta ya fi sau biyar. Babu inda ta ce injekta sun lalace, babu inda ta ce mai ba shi da kyau. Cewa kawai ta yi kwamfuta ta nemi wani adadi na matsi, ba ta samu ba. Dalili kuwa sai mutum ya nemo da kansa. Ko filta ta toshe, ko iska na shiga, ko famfo ya gaji, ko bawul ɗin da ke auna masa mai, ko ma na'urar awon ce ke faɗin ba daidai ba. Injekta na cikin jerin, amma su ne mafi tsada, kuma babu dalilin farawa da su.

Da wannan lamba a rubuce a takarda na je wurin wani dattijon bakanike da ya yi shekaru yana gyaran manyan motoci. Bai taɓa na'urar ba, ya ce in karanta masa abin da ta ajiye. Na ce inji da zafinsa, totur a ƙasa, mota cikin gudu.

"To, sai ta nemi mai da yawa take gazawa," ya ce. "Fitilar filta ta kama?"

Motar tana da gargaɗi dabam na ruwa ko toshewar filtar mai. Na ce ba ta kama ba, Baba.

"Da safe fa, bugu ɗaya take tashi?"

Na yi shiru. Kusan wata guda ke nan sai na ɗan ja makulli kafin ta kama, na ɗauka sanyin hunturu ne.

"Tun kafin ku je Dakoro?"

"Tun kafin nan, Baba."

"To, ka sauke wa mai jarka kayan da ka ɗora masa. Zato zunubi ne."

Ya buɗe inji ya danna ɗan famfon hannu da ke saman gidan filta. Maimakon ya yi tauri bayan dannawa kaɗan, sai ya yi ta lotsawa kamar soso. Ya aiki yaronsa ya kawo guntun tiyo fari, irin wanda ake hango abin da ke gudana a ciki, ya sa shi tsakanin filta da babban famfo, ya ce in tayar. A silo man yana wucewa garau, sai ɗan ƙurji jefi-jefi. Da na ɗaga totur sai ga kumfa a jere kamar carbi, ƙanana, suna bin juna suna shigewa cikin famfo. Na tsuguna ina kallo har na manta da zafin inji a fuskata. A wayar kuma ina ganin layin matsin da ake nema da na wanda ake samu suna rabuwa.

Injin nan jawo mai yake yi daga tanki, ba turo masa ake ba, shi ya sa in akwai ƴar kafa a hanya mai ba zai ɗigo waje ka gani ba, iska ce za ta shiga. Ƙasan motar a bushe, amma tana shan iska. Da ya kwance gidan filta, ga zoben roba a lanƙwashe, gefe ɗaya ya tsinke. Nan na tuna. Lokacin juye na baya ni na tsaya a kan yaran ina azalzalarsu saboda Kawu na jira, sabuwar filta ta zo da zobenta, aka bar tsohon aka ɗaure da ƙarfi. Ina tsaye aka yi, ban ce uffan ba.

Wani abu da ya yi a wurin ba zan manta ba. Yaronsa ya kai hannu zai shafa bututun ƙarfe na injekta inji na aiki, don ya ji ko akwai yoyo. Tsawar da ya daka masa sai da na zabura. Matsin da ke cikin bututun nan yana haura 1,500 a ma'aunin matsi na bar, in ya sami tsaga siririn man da zai fito yana huda fata ya shiga nama. Ba a lalube shi da hannu, ba a kuma sassauta shi sai inji a kashe.

Sabuwar filta da zobenta aka sa, aka danna famfon hannu har ya yi tauri, tiyo ya nuna mai babu kumfa ko ɗaya. Sai a lokacin ya yarda in goge lambar, bayan na ɗauki hotonta. Ya kuma ce mutuwar fitila a gareji ba shaida ba ce, in je in sa motar cikin halin da fitilar ta kama. Na hau hanyar Cadawa, na bari ta yi zafi, na sami fili na take ta sosai har sau uku. Ta ja kamar yadda na san ta. Na tuƙa ta mako guda ina soka na'urar kowace yamma kafin in gaya wa Kawu an gama. Duka abin da ya kashe bai kai kuɗin cika tanki sau ɗaya ba. Na'urar kuwa na sayi tawa, tana cikin akwatin gaba tare da ɗan littafin da nake rubuta ranar juye da duk abin da aka canza.

Da muka sake bi ta ƙauyen nan na tsaya a rumfar dattijon. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ka yafe mini, na ɗauki alhakinka a bayan idonka, na ce manka ne ya ɓata mana mota. Ya dube ni ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ya ɗauko mazurari da tsumman tacewa, ya tambaye ni lita nawa zai zuba.