Kwana Goma Sha Tara Babu Ruwa

Laraba, makon ƙarshe na Yuni, Kano.

Tun ƙarfe uku na dare idona biyu. Ɗaki ya zama tanda, katifa ta jiƙe sharkaf da gumi. Rabonmu da wutar lantarki tun shekaranjiya, fankar caji kuwa ta mutu kafin sha biyu. Muka kwashi tabarmi muka fito tsakar gida, sauro ya ce salamu alaikum. Bayan autarmu duk ƙurajen zafi ne, tana ta mutsu-mutsu tana susa, uwarta na zaune a kanta da mafici tana fifita tana gyangyaɗi. Na dafa simintin tsakar gida da aka yi kiran assalatu, har lokacin bai huce ba.

Da a Afrilu ne da ban buɗe baki ba. Bazara ce, kowa ya san halinta, zafi ya kai 40 ko ya haura, ka ɗaure ka ce saura ƙiris. Amma yau ga mu a ƙarshen Yuni, lokacin da ya kamata mutum ya ji sanyin asuba ya jawo mayafi, kwaɗi na kuka a kududdufi. Ba ko ɗaya.

Da na dawo masallaci na kira Baffa a ƙauye, shi ke kula mini da 'yar gonar da Baba ya bari a hanyar Bichi.

"Baffa, ina kwana? Ya mutan gida?"

"Lafiya lau, ɗana. Sai godiya."

"Ya ruwa?"

Ya yi shiru. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san amsar gaisuwar nan, "ruwa ya yi gyara", ko da kuwa ruwan ya rusa maka katanga. Baffa bai faɗa ba. Can ya nisa ya ce, "Muna dai saurare."

A farkon wata aka yi ruwa guda mai kyau, irin wanda ke kwana yana zuba. Washegari gari ya fita da sungumi, aka shuka gero da dawa. Tsiro ya fito kore shar, har Baffa ya sa aka turo mini hoto. Daga ranar sama ta rufe bakinta, yau kwana 19 ke nan. Ya ce jiya ya tona gefen tudu da hannunsa har wuyan hannu bai tarar da laima ba, ganyen geron ya nannaɗe ya zama kamar tsinke, na fadama-fadama ne kawai ke da sauran rai. In Juma'a ta wuce haka, sai dai a sake shuka. To da wane iri? Mutane da yawa abin da suka ajiye shi suka zuba, ragowar kuma an daka an yi fura tun azumi. Buhun taki biyu da na matse albashina na saya suna jingine a zaurensa. Ba a zuba taki a busasshiyar ƙasa, ƙone shukar zai yi.

Da wannan a raina na tafi makaranta. Ajinmu rufin kwano ne ba sili, yara sun fi saba'in. Daga ƙarfe sha ɗaya ba wanda ke jin abin da kake faɗa, kowa ya mai da littafinsa mafici. Wata yarinya ta yi haɓo, jini ya ɓata mata hijabi, na sa aka kai ta gindin darbejiya aka jiƙa mata kai. Darasin yau kuma na lokutan shekara ne. Na rubuta a allo: bazara, damina, kaka, hunturu. Na bayyana musu yadda iska mai laima ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma, tana ture busasshiyar iskar hamada tana matsowa arewa, shi ya sa ruwa ke fara sauka a Legas da Fatakwal tun mu muna cikin ƙura, sai ya biyo ta Kaduna da Zariya kafin ya iso gare mu. Wani yaro a baya ya ɗaga hannu.

"Malam, to yanzu wanne muke ciki?"

Na ce damina. Ya waiwaya ta taga ya dubi filin ƙwallo, fari fat, ko ciyawa ɗaya babu. Bai ƙara magana ba, ni ma na juya na ci gaba da rubutu.

Tambayar yaron nan ta bi ni har gida, don ba daminar kaɗai ba ce ta saɓa alkawari. Hunturun da ya wuce ma haka ya yi mana. Muna yara sanyi ne na gaske: a kwana da kaskon wuta a ɗakin Inna, ƙafa ta yi faso a shafa man kaɗanya, ruwan randa ya gagari alwala sai an ɗumama, almajirai su hura wuta a bakin titi su kewaye ta da asuba. Bara kuwa sanyin kirki bai fi mako biyu ba a unguwarmu. Ƙurar ce kawai ta zo cikakkiya, ta bar mu da tari da mura da jan ido. Rigunan sanyin da na saya wa yara a gwanjon Ƙofar Wambai sau uku aka sa, suna nan a ƙasan akwati, baɗi sun yi musu kaɗan. Wani abokina da ke noman rani a Kadawa ya ce alkamarsa ba ta cika ido ba, ita kuwa sai da sanyi take ƙwaya. Daga nan sai zafi ya shigo da wuri ya miƙe ƙafa, ya ƙi tafiya har yau.

Kuma ina roƙon ruwan ina tsoronsa. In ya tashi zuwa yanzu, na wata guda yake juyewa a dare ɗaya. Ban manta hotunan Maiduguri ba a Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, mutane na tafe ruwa iya ƙirji da yara a wuya. Ban manta ambaliyar Mokwa ta jihar Neja ba a ƙarshen Mayun 2025. Mu ma nan lungunmu kwata ta toshe da leda tun rani, an yi maganar gayya sau biyu ba wanda ya fito. Ruwa na Allah ne, amma ledar tamu ce. Haka manyan darbejiyoyi uku da ke bakin layinmu, da idona na ga an sare su aka yi shaguna, yanzu daga titi har ƙofar gida ba inuwar da akuya za ta raɓa. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Bayan la'asar sai ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, har gari ya yi duhu. Unguwa ta rikice da murna. Mata na kwashe shanya, masu tireda na janye kaya, yara sun tuɓe riguna suna tsalle a layi. Maiɗakina ta jera bokitai da baho a ƙarƙashin indararo, har da tukunyar da ba ma girki da ita. Na tsaya a ƙofar gida ina jin wata iska mai sanyi tana shiga rigata, wallahi har ƙwalla ta taru mini.

Sai iskar ta juye. Jar ƙura ta taso ta rufe ko'ina, ba ka ganin gidan da ke kallonka. Leda da kwalaye na yawo a sama, ƙofofi na bugawa. Fallen kwano biyu suka ɓalle daga rufin maƙwabcinmu, ɗaya ya faɗo tsakar gidanmu dab da inda yara ke wasa ɗazu, Allah ne ya tsare. Aka yi tsawa biyu masu ƙarfi. Sannan ɗigo ya fara sauka, manya-manya, ɗaiɗai, kana iya ƙirga su a kan siminti. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Ko minti biyar ba a yi ba ya ɗauke, hadarin ya yi yamma abinsa. Abin da muka samu a gindin baho jan laka ne, miyar kukar da aka bari a buɗe kuma ta cika da yashi. Dole na fita neman ɗan garuwa, shi ma ya ƙara kuɗin jarka, ya ce layin rijiyar burtsatse tun safe yake bi.

Bayan isha'i liman ya sanar cewa za a fita sallar roƙon ruwa ranar Asabar da hantsi a filin idi, ya ce wanda ya samu iko ya tashi da azumi gobe, a kuma yawaita istigfari da sadaka. Dattawa biyu a sahun gaba suka tsaya suna tuna farin 1973 da na 1984, yadda shanu suka riƙa faɗuwa a hanya. Ban iya tsayawa na ji ƙarshen hirar ba.

Baffa ya kira ina shiga gida. Ya ce su iskar ma kaɗai suka gani, ta kwantar da dangar gidansa, ko ɗigo bai sauka ba. Na ce masa gobe zan tura kuɗin tiya huɗu ta gero ya nema a kasuwa ya ajiye, ko da za a sake shuka. Ya ce Allah ya yi albarka.

Yanzu sha ɗaya saura. Mun sake shimfiɗa a tsakar gida, an share ƙurar amma har yanzu tana cikin haƙorana. Can kudu ana ɗan walƙiya, nesa sosai, ba a jin tsawarta. Maiɗakina ta tambaya ko ta shigar da bokitan, na ce ta bar su a wurin.