Kafin Ka Biya Tarar Nan

Ranar da na tarar da takardar tara maƙale a gilashin motata, abin da ya fara zo mini a rai shi ne in biya in huta. An rubuta cewa na ajiye mota a inda aka hana, amma da na duba sai na ga reshen bishiya ya rufe allon hanin ruf, ta yadda direban da ke tahowa ba zai gan shi ba. Na ɗauki hotuna daga inda direba ke zama, na rubuta ƙarfe nawa ne, sannan na karanta abin da ke bayan takardar, wanda a da ban taɓa damuwa da shi ba.

A nan na gane cewa takardar tara zargi ce kawai, kuma a ƙasashe da dama biyan kuɗin daidai yake da amsa laifi. Wanda ya biya ya rufe wa kansa ƙofar musu, kuma laifin yana iya shiga bayanan lasisinsa na tuƙi, ya ƙara masa kuɗin inshora, ko ya sa a ɗauke shi a matsayin wanda ya maimaita idan aka sake tare shi. Sashe na 14 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, yana da damar yi wa shaidun da aka kawo a kansa tambayoyi, kuma a ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Nauyin kawo hujja yana kan mai zargi.

Sai dai bakin titi ba wurin wannan muhawara ba ne, kuma a nan ne mutane da yawa masu gaskiya ke ɓata shari'arsu. Ɗan sandan da ya riga ya zaro biro da wuya ya mayar da shi aljihu don an ɗaga masa murya, abin da ya fi yiwuwa shi ne a ƙara maka tuhumar hana jami'i aikinsa, wadda ta fi ta farko nauyi. Miƙa na goro kuwa laifi ne mai zaman kansa. Abin da ke amfani shi ne mutum ya taƙaita magana, ya riƙe sunan jami'in da lambarsa, ya karanta duk abin da aka ba shi kafin ya sa hannu, ya kuma nemi lambar wayar duk wanda abin ya faru a gabansa.

Dalilin da ya sa yawancinmu ke biya ba wai mun yarda mun yi laifi ba ne. Lissafi ne: ranar aiki da za a rasa, kuɗin mota, zaman jira, ga ɗage sauraro, duka sukan haura tarar kanta. Inda hukuma ta mayar da tara hanyar samun kuɗin shiga, da wannan lissafin take cin abinci. A watan Maris na 2015 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar da rahoto kan garin Ferguson da ke jihar Missouri, inda ta gano cewa mahukuntan garin suna matsa wa 'yan sanda su ƙara yawan takardun tara don cike kasafin kuɗi. Rahoton ya kawo labarin wata mata da aka ci tarar dala 151 a 2007 saboda ajiye mota ba daidai ba. Da ta kasa biya a kan kari aka kama ta sau biyu, ta yi kwana shida a tsare, ta biya dala 550, amma bayan shekara bakwai ana bin ta sauran dala 541.

Labarin nata ya nuna cewa abin da ya fi haɗari shi ne yin biris da takardar. Kowace tara tana da wa'adin biya ko na musantawa, kuma idan ya wuce kuɗin yakan ƙaru, rashin amsa sammaci kuma yakan jawo umarnin kamu. Wanda ba shi da hali ya je gaban alƙali ya faɗa, ya roƙi a sassauta ko a bar shi ya biya kaɗan-kaɗan. Tun a 1983 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa ba daidai ba ne a ɗaure mutum don ya kasa biyan tara ba tare da an bincika ko talauci ne ya hana shi ba.

Wani lokaci ma dokar ce ke da matsala. Wani ɗan talla a Malawi da aka kama kafin gari ya waye yana kan hanyar zuwa sana'arsa, aka tuhume shi da yawon banza, ya ƙi amsa laifi, kuma a 2017 babbar kotun ƙasar ta soke wannan sashe na doka saboda ya saɓa wa kundin tsarin mulki. A watan Disamba na 2020 kuma Kotun Afirka ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta bayyana cewa irin waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar.

Tawa shari'ar ba ta kai nan ba. A zama na farko a kotu jami'in da ya rubuta mini tarar bai zo ba, aka ɗage. A na biyu na miƙa hotuna uku da na wanke a takarda, na yi bayanin da bai wuce minti biyu ba, kuma na kiyaye kada in kira kowa maƙaryaci, domin abin da nake musu shi ne ko ana ganin allon, ba mutuncin jami'in ba. Alƙali ya tambaye shi ko ya duba allon daga ɓangaren direba, ya ce bai duba ba, aka soke tarar. Kwana biyun da na rasa a wurin aiki sun fi ta tsada, kuma da ina da laifi da na biya tun ranar farko. Kafin in fita na tsaya wurin magatakarda na karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, domin tarar da aka soke a kotu tana iya ci gaba da zama a kwamfutar hukuma har ranar da mutum zai je sabunta lasisi.