Tafiyata zuwa Tsibirin Olkiluoto

Daga Helsinki na hau motar safa zuwa Rauma, tsohon gari mai gidajen katako a gaɓar tekun yammacin Finland, daga can kuma na ƙarasa tsibirin Olkiluoto ta hanyar da ta ratsa kurmi. Daga cibiyar baƙi ana hango tashoshin nukiliya uku a ƙetaren ruwa: tsofaffi biyu jajaye, sai sabuwar mai ƙatuwar ƙubba, wadda ke ba da wuta megawat 1600. Ita ce ta kawo ni.

An fara gina ta a 2005 da niyyar kammalawa a 2009, amma sai a Afrilun 2023 ta fara aiki sosai, kuma wani ɓangare na wannan jinkiri ya samo asali ne daga yadda aka tafiyar da aikin. Binciken da hukumar sa ido kan harkokin nukiliya ta ƙasar, STUK, ta fitar a 2006 ya nuna cewa ruwa ya yi yawa a kankaren harsashin ginin, an kuma samu matsaloli a waldar ƙarfen da ke lulluɓe cikin ƙubbar, domin an raba aiki ga ƙananan 'yan kwangila waɗanda wasunsu ba su taɓa aikin nukiliya ba, ba a kuma horar da su yadda ya kamata ba.

Na daɗe tsaye a bakin ruwan ina tunanin magini ɗaya da ya ga kwaɓin siminti bai yi masa ba. Shin ya san wanda zai gaya wa? In ya faɗa, za a rubuta, a dakatar da aiki, ko za a ce yana ɓata lokaci? A ganina nan ne tsarin gudanarwa yake tsayawa ko ya faɗi: kowace walda a san mai yin ta da wanda ya duba ta, kowane zane a tabbata shi ne na ƙarshe, kowane kuskure a bi shi har tushensa. Ƙa'idar da hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta fitar a 2016 kan jagoranci da gudanarwa ta ɗora wa mai tashar alhakin duk abin da ɗan kwangilarsa ya yi, kuma na yarda da hakan ɗari bisa ɗari.

Kafin magariba na kama motar komawa Rauma, iskar tekun ta fara sanyi.